Wa ya fi wani samu? Tambayoyi da amsoshi kan albashi, sana'a da noma a Kebbi

Na yi shekaru ina haɗa takardar albashi a wani ofis nan Birnin Kebbi kafin in aje aiki, to tun daga nan duk inda na zauna, majalisa ce ko wurin ɗaurin aure, wani lokaci har zaman makoki, sai wani ya ja ni gefe ya ce Malam dan Allah nawa wane ke ɗauka a wata. Albashin mutum amana ne, ba ni faɗi. Amma yadda ake lissafin abin ba sirri ba ne, shi ya sa na tara tambayoyin da anka fi yi mani da amsar da nake badawa.

Kawu, kar ka ja mu da nisa, wane aiki ya fi kuɗi?

Kai ma kar ka ja ni da gaggawa. In ka ce kuɗi, wanne kake nufi, wanda ya shigo hannu ko wanda ya kwana a aljihu? Mai sayar da buhunan albasa a Aliero miliyoyi na bi ta hannun shi a mako guda lokacin kaka, amma mafi yawa ba nashi ba ne, na manomi ne da mai mota da 'yan dako da dillali. Masinja a sakatariya kuwa ɗan abin da ya shigo mashi nashi ne duka, kuma wata goma sha biyu ke cikin shekarar shi, ba wata uku ba. Ni in zan gwada aiki biyu abu huɗu nake tambaya: nawa ke saura bayan an cire kuɗin da aikin kan shi ya ci, wata nawa a shekara abin ke shigowa, jarin na wa ne in an yi asara, sannan ran da ka kwanta ciwo ko ka tsufa mi zai faru. Duk wanda ya ba ka lamba guda bai amsa waɗannan ba, hira kawai yake maka.

Nawa ne mafi ƙarancin albashi yanzu?

Na ƙasa naira 70,000 ne, Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar cikin Yulin 2024. Kafin nan 30,000 ne tun Afrilun 2019 zamanin Buhari, kafin shi kuma 18,000 tun 2011 zamanin Jonathan. Nan Kebbi gwamna Nasir Idris ya amince da 75,000 a Oktoban 2024, kuma ba abin mamaki ba ne in ka tuna shi kan shi tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa NUT ne, ya san wagga rigima ciki da waje. Sabuwar dokar ta kuma rage lokacin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku.

To yaron da ke aiki gidan mai ko shagon magani shi ma dole a ba shi 70,000?

A nan ne mutane ke shan mamaki. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatan shi ba su kai 25 ba, ba ta hau kan mai aikin wucin gadi ba, ko wanda ake biya da la'ada ko da jinga, ko ɗan ƙwadagon gona na kaka. To ka duba garin nan da kyau, shago nawa ke da mutum 25? Ka ga kenan yawancin yaran shago da malaman ƙananan makarantun kuɗi da masu gadi da 'yan aikin gida ba ruwan dokar da su, abin da sunka daidaita da mai gida shi ne albashin su, wani ma abincin rana da kuɗin sabulu ne da alkawarin za a sallame shi da jari bayan wasu shekaru. Wannan sallamar kuwa in mai gidan mai tsoron Allah ne tana iya fin garatuti, in ba shi ba ne kuma sai dai a bar shi da Allah.

Malam, an ce an ninka albashi fiye da sau biyu, mi ya sa nawa bai ninka ba?

Don ba albashin kowa anka ninka ba, na wanda ke ƙasan tsani ne. Sauran sai a zauna da 'yan ƙwadago a yi ciniki kan nawa za a ɗora ma kowane mataki, kuma kullum kason na raguwa ne in ana hawa sama. A 2019 misali, a gwamnatin tarayya mai lebul 7 kashi 23.2 cikin ɗari anka ƙara mashi, mai lebul 8 kashi 20, su kuwa manya na lebul 15 zuwa 17 kashi 14. Shi ya sa duk sabon ƙari tazarar da ke tsakanin mai shara da mai digiri ƙara matsewa take, har na taɓa jin wani abokin aiki na cewa da ya san haka ne da bai wahalar da uban shi da kuɗin jami'a ba. Wasa yake amma akwai ciwo ciki.

Wai mi ne ne lebul da sitef ɗin nan da kuke ta faɗi?

Aikin gwamnati tsani ne daga lebul 1 zuwa 17. Takardar da ka shigo da ita ke nuna inda za a aje ka, mai NCE lebul 7, mai digiri ko HND lebul 8. Sitef kuwa ƙananan matakai ne cikin lebul guda, kowace shekara ana matsa ka gaba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ƙarin girma daga lebul zuwa lebul shi ne mai ɗan tsoka, shi kuma a tsari shekara uku-uku ne a tsakiyar tsani, huɗu in an kai sama, sai dai sau da yawa takardar ƙarin girman na fitowa kuɗin bai biyo ta ba sai an daɗe ana bin bashi. A tsarin ma'aikatun tarayya ma babu lebul 11, daga 10 sai 12. Mutum na aje aiki in ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a aiki, duk wanda ya riga zuwa.

Ni da abokina digiri guda munka yi, aji guda, amma ya fi ni albashi nesa. Ina matsalar?

Ba kai ba ne matsalar, uwar gijiyar ku ce ba guda ba. Gwamnati uku ke ɗaukar ma'aikata, tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, kuma a yawancin lokaci haka ƙarfin albashin ke bi daga sama zuwa ƙasa. Cikin tarayyar ma ba sikeli guda ba ne. Ma'aikatan ma'aikatu na kan CONPSS, likitoci CONMESS, nas-nas da sauran ma'aikatan lafiya CONHESS, malaman jami'a CONUASS, 'yan sanda nasu daban, sojoji nasu daban, su kwastan da shige da fice su ma da nasu. Sannan akwai 'yan gata, hukumomin da ke tara kuɗin shiga ko ke riƙe da su irin Babban Banki da kamfanin mai na NNPC da hukumar haraji, waɗanda tsarin su ba ya bin na kowa, shi ya sa ba ka cika ganin an yi shelar ɗaukar aiki can ba. To mai digiri a sakatariyar ƙaramar hukumar Suru ko Dandi da mai digiri a ɗaya daga waɗannan, sunan ne guda, wai ma'aikacin gwamnati.

Malamin firamare shi ne ya fi ban tausayi a wanga tsari, don albashin shi daga kason ƙananan hukumomi ke fitowa, duk abin da ya taɓa kason nan shi ya fara taɓawa. A 2022 an yi dokar da ta ɗaga shekarun aje aikin malamai zuwa 65 ko 40 a aiki, to amma ƙarin shekaru ba ƙarin tuwo ba ne.

Likita fa? Ai su sun huta.

Cikin masu albashi likita na sama, wannan ba gardama. Sai dai ka lissafa daga farko, shekara shida a jami'a in ba yajin aiki, shekara guda ta koyon aiki a asibiti, shekara guda bautar ƙasa, lokacin nan abokin shi da ya shiga kasuwa bayan sakandare ya yi aure har ɗiyan shi sun shiga makaranta. Kuma kaso mai yawa na kuɗin likita alawus ne, musamman na kwanan asibiti, wato barcin shi ya sayar. Alawus ɗin haɗari na ma'aikatan lafiya naira 5,000 ne a wata tsawon shekaru da dama, har cutar korona ta zo ta same shi haka, sai ƙarshen 2021 anka ɗaga shi. Abin da ke faruwa kuma kowa na gani, likita ya fara a asibitin jiha, in ya samu dama ya koma na tarayya, daga can sai ka ji ya tafi Saudiyya ko Ingila. Nas da ungozoma su ma hanyar da sunka kama kenan.

Takardar ɗaukar aiki ta ce kaza, alat ya zo da ƙasa da haka. Cuta ta anka yi?

Ba lallai ba. Ka nemi takardar albashin ka ka karanta layi-layi. A tsarin fansho na dokar 2014 da ma'aikatan tarayya da manyan kamfanoni ke kai, ana cire kashi 8 daga wurin ka, wanda ya ɗauke ka aiki ya ɗora kashi 10. Akwai kashi 2.5 na asusun gidaje, akwai kuɗin ƙungiya, akwai haraji, ko da yake sabuwar dokar haraji da ta fara aiki Janairun 2026 ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, to mai ƙaramin albashi kusan ba abin da za a taɓa mashi ta wannan gefen. Amma gaskiya a shekarun da na yi ina wanga aiki ba gwamnati ce ta fi cin albashin mutane ba, bashi ne. Bashin banki, bashin ƙungiyar adashen ofis, babur na biya a hankali, firij, ragon layya tun bara. Na sha ganin mai lebul 12 da abin da ke isa hannun shi bai kai na mai lebul 6 ba.

Yaya, gaskiya ne ɗan kabu-kabu ya fi mai lebul 8 samu?

Wagga ita ce tambayar da ta fi tada jijiyar wuya a majalisa, bari mu yi lissafin misali, lambobin nawa ne na ƙirƙira don a gane, kai ka sa na unguwar ku. A ce ɗan kabu-kabu ya tara 8,000 daga safe zuwa dare. Mai ya ci 3,000. Babur ba nashi ba ne, balas ɗin mai shi 1,500. Saura 3,500. In ya fita kwana 26 ya tashi da 91,000, ka ga a ido ya wuce mafi ƙarancin albashi. To amma ba mu cire baƙin mai ba, da faci, da taya, da tikitin ƙungiya, da ranar da ruwa ya wuni yana zuba ba fasinja, da ranar da jami'ai sunka kama babur, da makon da zazzaɓi ya kwantar da shi wanda ko sisi ba ta shigowa. Ma'aikaci in ya kwanta ciwo wata guda alat ɗin shi na nan zuwa. Kuma ba ka cika ganin ɗan shekara sittin kan kabu-kabu ba, baya da ƙirji ba su yarda.

Inda ɗan kabu-kabu ya yi ma ma'aikaci fintinkau shi ne nan: ran 29 ga Mayun 2023 da anka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin mako ya zagayo ya ƙara kuɗin hawa. Ma'aikaci sai da ya jira fiye da shekara kafin a sa hannu a sabon albashi. Mai sana'a na iya gudu tare da tsada ko da tana gaban shi, mai albashi a tsaye yake sai an zo an ɗaga shi. In babur ɗin nashi ne kuma ba balas, to lissafin ya sake, wannan kam yana iya wuce mai lebul 8 na jiha hankali kwance. Haka lissafin mai Keke Napep yake, sai dai komi nashi ya fi girma, samun da balas ɗin da kuɗin gyaran.

Manomin shinkafa fa, su da ake cewa sun zama miloniyoyi?

An yi wannan zamanin kam. Nan Birnin Kebbi Buhari ya zo ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, anka yi shinkafar Lake Rice tare da Legas, kamfanin WACOT ya buɗe injin casa a Argungu a 2017 ga na Labana nan cikin gari, sannan anka rufe boda a Agustan 2019 shinkafar waje ta yi wuya. Mutane da dama sun je Makka sun ƙara aure da kuɗin shanshera, har ma'aikata sunka riƙa tsere daga ofis zuwa fadama.

Amma manomi ba shi da albashi, riba gare shi ko asara. In ka ji ya ce ya samu buhu 40 kar ka ninka da farashin kasuwa ka ce ga samun shi. Cire hayar gona in ba tashi ba ce, cire iri da taki da maganin feshi, cire man injin ban ruwa wanda shi ke cinye noman rani tun da mai ya yi tsada, shi ya sa masu hali ke komawa sola, cire 'yan dashe da masu korar tsuntsu da masu yanka da bugu, cire zakka, buhu guda cikin goma in ruwan sama ne, guda cikin ashirin in ban ruwa ne. Abin da ya saura shi za ka raba ma watannin da zai ci kafin wata kaka. Sannan ga abin da ba ya shiga lissafi, ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar nan, mutum ya kwana mai arziki ya tashi da bashi. Bayan an sassauta shigo da abinci daga waje a 2024 kuma farashin shanshera ya faɗo alhali taki bai sauko ba, mai saye ya ji daɗi manomi ya koka. A yankin Zuru da Danko-Wasagu da maƙwabtan mu na Zamfara kuwa akwai wanda matsalar shi ba farashi ba ce, isa gonar ce.

Abu guda da manomi ya fi kowa, ko bai sayar da ƙwaya ba gidan shi na ci. Mai albashi in an ce mudu ya tashi gaban shi ke faɗuwa.

Tela, birkila, mai walda, mai gyaran waya, wa ke gaba?

Kowa da kakar shi. Tela daga azumi zuwa babbar salla ba ya barci, bayan nan sai ya koma facin wando. Birkila da lebura na rani ne da kuma lokacin da kuɗi ke yawo a gari, siminti na tashi aikin su na tsayawa. Mai walda wuta ce ke yanke mashi hukunci, in janareta zai tada to rabin kuɗin aikin ya tafi. Ɗan POS kuwa da sunka fara sun sha romo, musamman lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, yanzu kowace kwana akwai laima uku. A ganina cikin masu sana'ar hannu ba irin sana'ar ke raba su ba, wanda ya riƙe alkawari shi ke da kwastoma, kuma wanda ya kai ga aje yara yana karɓar aiki da sunan shi ya bar sahun masu samun yini.

Baba, mu mata da ke sana'a cikin gida ba a lissafa mu?

Ɗiyata ai ku ne ba ku lissafa kan ku. Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai turara shinkafa ta kai inji, mai kitso, mai kiwon awaki, da yawa in sunka zauna da biro sai su ga sun kamo malamar makarantar kuɗi ko sun wuce ta. Matsalar ita ce uwar kuɗi da riba da kuɗin cefane duk cikin gwangwani guda suke, ga bashin maƙwabta da kunya ke hana a tambaya. Ki ware jarin ki daban ko da wata guda ne ki gani.

Masu haƙar zinare a Yauri da Zamfara fa?

Labarin wanda ya dace kake ji, ba ka jin na mutum ɗarin da sunka wuni cikin rami sunka fito da ƙura. Mai kuɗin gaske shi ne mai injin niƙa da mai saye. Kuma kar a manta 2010, gubar dalma daga niƙan dutsen zinare cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ban san sikelin da zan ɗora wannan a kai in ce samu ne ba.

Ɗan bautar ƙasa na ɗaukar 77,000, ya fi wasu ma'aikata kenan?

A wata goma sha biyun nan, eh. Daga 19,800 ya koma 33,000 a 2020, sannan 77,000 da anka fara biya a Maris 2025. Shawara ta ga duk yaron da ya tambaye ni ita ce ya ɗauka jari ne anka ba shi kashi goma sha biyu, don ranar da ya karɓi takardar gamawa alat ɗin ya mutu.

Sanata nawa yake ɗauka?

Hukumar da ke tsara albashin masu muƙamai ta ce albashi da alawus ɗin sanata miliyan guda ne da 'yan kai a wata. Amma Sanata Shehu Sani ya faɗa a 2018 cewa ana ba kowannen su miliyan 13.5 duk wata na tafiyar da ofis, a 2024 kuma Sanata Kawu Sumaila ya ce abin da ke shigo mashi ya kai miliyan 21. Raba miliyan 21 da 70,000, za ka samu 300 cif. Farfesan da ya koyar da su kuwa ya yi shekaru albashin shi bai kai rabin miliyan ba, yana cikin abin da ya sa ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta rufe jami'o'i wata takwas a 2022.

Tsofaffi na cewa albashin da ya fi auki. Son zuciya ne ko gaskiya?

Gaskiya ne, kuma dala na ba da shaida. 18,000 na 2011 ya haura dala 110, 30,000 na 2019 wajen dala 80 ne, 70,000 na 2024 kuwa bai kai dala 50 ba a lokacin da anka sa hannu. Lambar na hawa, abin da take saye na sauka. Mutanen Kamba da Lolo da ke bakin boda ba su buƙatar in yi masu bayani, su da ke canjin sefa kullum sun ga yadda naira ta koma.

Kawu, mutum biyu ke neman ɗiyata, ma'aikaci da ɗan kasuwa, wa zan ba?

Wannan ai ba tambayar akawu ba ce, ka tambayi yarinyar wa take so, ka binciki hali da addini. In dai ta fannin abinci kake nufi, kar ka tambayi ma'aikacin lebul ɗin shi, ka bincika ko albashin na hannun banki, kuma ko yana da gona ko wata sana'ar yamma, don a garin nan da wuya ka ga ma'aikacin da ke riƙe da gida da albashi tsura. Ɗan kasuwar kuma kar cikar shago ta ruɗe ka, ka gano kayan nashi ne ko na uban gida ne ya aje shi tsaro. Ka aiki ƙanen ka ya zauna kusa da shagon kwana biyu ya ga wa ke zuwa karɓar ciniki da magariba.